Littafin jegona: nono, tumbuɗi da kukan magariba

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Shekaranjiya Alhamis da asuba Allah Ya sauke ni lafiya, na samu 'ya mace, nauyinta kilo 3.1. Jiya aka sallame mu, muka wuto gidanmu a Gwammaja kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Umma har ta laƙaba mata Lami tun kafin a raɗa suna. Malamar asibitin da ta karɓi haihuwar ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta sau nawa ta sha, nafkin nawa ta jiƙa, da kalar kashinta, don in mun dawo awo kada in ce mata "ina ganin kamar". Shi ne na ɗauko ragowar littafin tsara darasina na makaranta.

Ruwan nono bai sauko ba tukuna, sai dakashi, rawaya mai kauri, ɗigo-ɗigo. Gwaggo ta ce a matse shi a zubar, a riƙa ba yarinya tafasasshen ruwa da ɗan zamzam har nonon gaskiya ya zo. A wajen awon ciki kuwa an nanata mana cewa dakashin nan shi ne riga-kafin farko, kuma cikin jariri a ranar farko abin da zai ɗauka a sha guda bai fi cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Na faɗa wa Gwaggo haka murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "To, ku kuka sani." Ba ta ƙara ba, amma na ga ranta bai so ba. Dabino kawai babanta ya tauna ya goga mata a ganɗa bayan ya yi mata huɗuba.

Kashi baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta. Nafkin biyu.

Talata, 8 ga Afrilu

Nono ya sauko daren Lahadi, ya zo da ƙarfinsa. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, yarinya ta kasa kamawa, sai ta tsotsi kan kaɗai ta saki ta tsala kuka. Kan nonon hagu ya tsage har da jini. Duk sanda za ta kama sai na cusa bakin zani a bakina na cije.

Umma ba ta so mai jego ta fita ba, amma Yaya ta lallaɓa ta, muka tafi asibiti a adaidaita sahu, N1,400 zuwa da dawowa. Sikeli ya nuna kilo 2.85. Gabana ya faɗi. Malamar ta juya bayan kati ta yi lissafi, ta ce kashi 8 cikin 100 ta rage, kuma duk jarirai suna raguwa a kwanakin farko. Abin da ba a so shi ne ya haura kashi 10, ko a cika sati biyu ba ta koma nauyin haihuwa ba.

Sannan ta ce in ba ta nono a gabanta. Ko minti ɗaya ban yi ba ta dakatar da ni. "Mai jego, daina sunkuyawa kina kai mata. Ita za ki jawo jikinki." Ta juya yarinyar cikinta ya manne da nawa, ta saita kan nonon daidai hancinta, ta jira sai da ta wangale baki kamar mai hamma, sannan ta turo ta. Haɓarta ta nutse a jikin nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan kusan duk ya shige bakinta. Raɗaɗin ya ragu nan take, kuma a karon farko na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut. Kwana biyar ina shan azabar da gyaran zama kawai take buƙata.

Ta koya min in ɗan tatsa da hannu kafin in ba ta don wurin ya yi laushi, in shafa ɗigon nono a kan tsagar in bar ta ta sha iska. Ta duba idonta da tafin ƙafarta saboda shawara, ta ce kaɗan ce, amma in ta ƙaru ko yarinya ta daina sha mu dawo ko da tsakar dare ne. Abin da zan riƙa nema daga yau: sha 8 zuwa 12 a kwana, nafkin jiƙaƙƙe aƙalla 6.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jiya aka yi suna, kuma jiya na yi wa yarinyar nan laifin da nake so ya zauna a rubuce.

Gida ya cika tun hantsi. Dangin babanta, ƙawayen Umma, 'yan makarantarmu. 'Yar fari ce, kowa ya san yadda ake sa ido. Uwa ba ta rawar kai a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, balle ta zauna gaban surukai ta fito da nono. Da wannan aka raine mu, kuma ban taɓa tunanin zai zo ya tsaya tsakanina da cikin jaririya ba. Tana yawo hannu-hannu, ina jiyo kukanta daga ɗakin Umma, nono yana zuba yana jiƙa min leshi, na kasa buɗe baki in ce a miƙo min ita. Daga sha ɗaya na safe har kusan biyar na yamma ba ta sha ba. Da aka kawo ta ta riga ta galabaita ta yi laushi, sai da na tuɓe mata kaya na sosa tafin ƙafarta sannan ta kama. Nafkin huɗu kacal jiya, fitsarin na ƙarshe rawaya shar. Da daddare ƙanwata ta faɗa min wata cikin baƙi ta ɗura mata ruwa da cokali da ta ga kukan ya yi yawa. Ban tambayi ko wace ce ba.

Umma ta same ni ina kuka bayan isha'i. Da na faɗa mata, ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Kunyar mu muka koya miki. Daga yau ni zan riƙa ɗauko ta." Yau baƙi sun ci gaba da zuwa barka, kuma duk bayan awa biyu sai Umma ta miƙe ta karɓe ta a hannun ko waye ta ce za a gyara ta, ta kawo min uwar ɗaka ta ja labule.

Wanzami ya zo aski. Gwaggo ta so a cire hakin wuya a lokaci guda, babanta ya ce aski kawai, kuma da sabuwar reza da ya sayo da kansa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sati biyu. Kilo 3.0. Ba ta koma nauyin haihuwa ba.

Malamar ta karɓi littafin ta bi shi da yatsa. Sha 6, sha 7, sha 6. Zafin garin nan yana sa ta barci mai nauyi, ni kuma ina barinta don an ce ba a tashin jariri. Ta ce a yanzu tashinta zan riƙa yi, da rana kada ta wuce awa biyu zuwa uku, da dare kada ta wuce huɗu, kuma in bari ta gama da nono ɗaya ta saki da kanta kafin in mayar da ita ɗayan. Mu dawo nan da sati.

A gida maganar ruwa ta sake tasowa, wannan karon daga bakin Umma, kuma da hujja. Ana digiri 41, an ɗauke wuta tun safe, babba ma maƙogwaronsa bushewa yake. Na faɗa mata abin da aka faɗa mana, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma duk cokalin ruwan da ya shiga ɗan cikin nan ya tare wurin nono, ga haɗarin gudawa. Na nuna mata lambar sikeli a kati. Ta ce to ni in sha a madadinta. Ta sa aka ajiye min tulu a gefen katifa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sha 10. Nafkin 7. Kashi sau huɗu, rawaya mai tsaba-tsaba kamar miyar agushi.

Litinin, 21 ga Afrilu

Sha 11. Tsagar hagu ta warke.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kilo 3.25. Alhamdulillahi. Giram 250 a sati guda. Na fito daga ɗakin awo na miƙa wa Yaya katin ban iya cewa komai ba.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da na suna: pampas N14,000, kuɗin mota N4,200, ma'aunin zafin jiki N3,500. Na koma nafkin ɗin wanki da rana saboda tsada, kuma ya fi sauƙin gane ta yi fitsari.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sabon abu ya ɓullo, yau kwana biyar. Da zarar an kira magariba sai ta fara. Ta ja ƙafafu ta naɗe su a ciki, ta dunƙule hannu, fuska ta yi jawur, kuka har muryarta na shaƙewa. In na ba ta nono ta kama ta saki ta banƙare. Jiya daga bakwai saura har goma da rabi na dare. Da safe kuwa lafiya lau, kamar ba ita ba.

Kowa da nasa bayanin. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon cibiya ne. Wata ta ce lokacin magariba ne, a riƙa tofi, wannan kuwa dama muna yi. Gwaggo ta ce nonona ne yake da ƙaiƙayi, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa a ga ko za ta fita, in ba ta fita ba a nemo ɗauri. Maganar nan ta fi kukan yi min ciwo, don cikin dare ni ma na fara zargin nonon.

Babanta ya sayo ruwan maganin ciwon cikin jarirai a kemis, N1,800. Na ba ta dare biyu. Babu abin da ya canza. Da Yaya ta ga kwalbar a kan taga ta ɗauke ta sa a jaka, ta tuna min da My Pikin, maganin haƙoran yara da ya hallaka yara 84 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008 saboda gubar da ta shiga haɗinsa. Ta ce, "Ba na ce wannan ma haka yake ba. Amma yarinyar da ko wata ba ta cika ba, babu abin da zai shiga bakinta sai likita ya rubuta." Ta yi gaskiya, kuma na sani tun kafin in buɗe kwalbar. Gajiya ce ta sa ni.

Asabar, 3 ga Mayu

Daren Alhamis zazzaɓi ya rufe ni, ina karkarwa cikin wannan zafin har da neman bargo. Nonon dama ya yi ja ta wajen hammata, da gudaji mai zogi. Umma ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Gwaggo ta ce kada yarinya ta kusanci wannan nonon, ya lalace. Ban da ƙarfin musu a daren. Babanta ya fita ya sayo madarar gwangwani N9,500 da fida N2,500, aka dama aka ba ta sau biyu. Ta sha ta yi barcin awa huɗu, aka ce ga shi nan, dama yunwa ce. Ni kuwa na wayi gari nonon ya ninka kumburi, ko hannu ba na iya ɗagawa.

A asibiti aka gwada jini babu maleriya. Likitar ta ce nonon ne ya kumbura ya kama ciwo, kuma hana yarinya shi ya ƙara dagula lamarin. Ruwan bai lalace ba, ba zai cutar da ita ba, in ci gaba da ba ta duk sanda ta nema. Ta rubuta min magani na kwana goma da farasitamol, ta ce in riƙa ɗora tsumma mai sanyi tsakanin shayarwa, kuma kada a murza wurin da ƙarfi. Gwaji da magani N12,300.

Na dawo na ba ta daga daman, ina hawaye tana sha. Yau zazzaɓin ya sauka. Gwangwanin yana nan a kan kwaba, an buɗe shi, kuma a jikinsa an rubuta a gama da shi cikin sati huɗu.

Laraba, 7 ga Mayu

Na koma a duba nonon, ya sace sosai. Na yi amfani da damar na buɗe wa likitar littafin a shafin kukan magariba. Ta duba yarinyar tun daga maɗiga har yatsun ƙafa, ta danna cikinta, ta leƙa kunne da baki, ta auna zafi. Ta ce lafiyarta ƙalau. Irin kukan nan likitocin yara sun daɗe da saninsa, har akwai tsohon ma'auni da wani likita ɗan Amurka, Morris Wessel, ya kawo a 1954: kukan da ya haura awa uku a rana, kwana uku a sati, har sati uku, a jaririn da yake sha yana girma. Yakan fara wajen sati biyu, ya kai maƙura wajen sati shida, ya lafa tsakanin wata uku zuwa huɗu. Yana kama masu shan nono da masu shan madara duka, don haka in cire maganar ƙaiƙayi daga raina.

Ta sa na rubuta a bangon littafin abubuwan da ba a kwana da su a gida: zafin jiki digiri 38 a jaririn da bai kai wata uku ba, amai kore, jini a kashi ko a amai, ciki ya kumbura ya yi tauri, ƙin shan nono, jiki ya saki, numfashi da sauri, ko fitsari ya ragu. Ta ƙara da wata magana da ta zauna min. In kukan ya kai ni bango, in kwantar da ita a rigingine a wuri mai aminci in fita tsakar gida in sha iska, ko in miƙa wa wani. Kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka.

Na gwada dabaru da yawa. Gyatsa a tsakiyar sha da bayan sha tana taimakawa kaɗan. Yi mata keke da ƙafafu yana fitar da iska. Kifa ta a kan damtsen hannuna tana farke yana sa ta shiru na ɗan lokaci. Amma babu abin da ya kai goyon Umma. Ta ɗora ta a baya ta ɗaure da zani da majanyi, ta riƙa kai-kawo daga bakin rijiya zuwa zaure tana ɗan bubbuga ta tana salati a hankali. Minti ashirin kukan ya koma shessheƙa. Na gwada, ba ta yi min shiru kamar yadda take yi wa Umma. Wuri ɗaya muka saɓa: Umma takan sauke ta ruf da ciki don ta ce barcin ya fi nisa, likitar kuma ta ce barci a rigingine kawai. Na roƙe ta, ta yarda.

Talata, 13 ga Mayu

Arba'in. An gama wanka. Itace ya ci N38,000. Kunun kanwa tun sati na biyu na roƙi a rage kanwar, don a awon ciki an faɗa mana tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Kunun gyaɗa na fi sha, kuma nono bai ragu ba.

Asabar za mu koma ɗakina a Sharaɗa. Ina tsoron magaribar farko babu Umma.

Alhamis, 15 ga Mayu

Riga-kafin sati shida. Kilo 4.0. Allurai a cinya, da ɗigo biyu a baki, na shan inna da na rota, wanda aka shigar cikin jerin riga-kafin yara a 2022 saboda gudawa. Kyauta. Ta ɗan yi ɗumi da dare, 37.6, ta yini a nono.

Talata, 20 ga Mayu

Daren jiya ne mafi tsawo. Ƙarfe biyu ta gama sha, na ɗaga ta kafaɗa, sai ji na yi ɗumi ya bi bayana har ƙugu. Nono ta baki ta hanci, ya jiƙa zanin gado. Ta ɗan shaƙe ta yi tari, idonta ya firfito, sannan ta numfasa. Tumbuɗi ta saba yi, amma ban taɓa ganin mai yawan wannan ba, kuma karo na uku ke nan tun la'asar. Babanta ya haska fitilar waya muna duba kalar. Fari ne, da ɗan guda-guda kamar kindirmo. Ba mu koma barci ba. Ana idar da asuba muka fita.

Likitan da muka samu ya jero tambayoyi. Wace kala? Yana zubowa ne ko yana feshi da nisa? Duk sha ne? Nafkin nawa jiya? Na duba littafi, bakwai. Ya ce tsokar da ke rufe bakin tumbi ba ta gama ƙwari ba a wannan shekarun, shi ya sa nono ke dawowa, kuma yawancin jarirai suna yi. Zai iya ƙaruwa har wajen wata huɗu, ya tafi kafin shekara. Abin da yake nema ya kawar shi ne wani ciwo da ƙofar fita daga tumbi ke tsukewa, wanda yakan bayyana tsakanin sati biyu zuwa takwas, ya fi kama maza 'yan fari. Shi amansa feshi yake da ƙarfi bayan kusan kowane sha, jariri ya riƙa ramewa, kuma aiki ake yi. Ya sa na shayar da ita a gabansa yana kallon cikinta. Ya ce alamu ba su nuna shi ba, amma in aman ya koma feshi ko ya zama kore mu dawo a ranar.

Abin da ya lura da shi, nonona yana tsartuwa da ƙarfi tana haɗiya da gaggawa har da iska. Ya ce in riƙa jingina baya ina ba ta, in ta fara ƙwarewa in cire ta in bar tsartuwar ta wuce a tsumma, in riƙe ta a tsaye minti ashirin zuwa talatin bayan sha, kuma kada in ɗaure pampas ko majanyi tamau a kan ciki. Magani babu.

Gwaggo ta bugo waya da ta ji labari. "Ai na faɗa muku hakin wuya ne." Dama na tambayi likitan. Ya ce hakin wuya ba ya sa amai, kuma a ɗakinsu suna karɓar jariran da aka yanka suka zubar da jini ko ciwon ya ruɓe, wani har da sarƙe haƙora. Na ce mata, "Gwaggo, an duba ta, an ce a ba ta lokaci. Ki sa mana albarka." Ta sa.

Kati da mota N4,600.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tumbuɗi ya ragu tunda nake jingina. Kukan magariba awa biyu. Babanta ke ɗaukarta daga dawowa masallaci har isha'i. An yi ruwan sama, gari ya yi sanyi.

Juma'a, 30 ga Mayu

Kwana shida ba ta yi kashi ba, sai yau. Yarinyar da take yi sau huɗu a rana ta tsaya cak tun Asabar. Tana yunƙuri tana nishi fuska ta yi ja, sai iska kawai. Matar da muke haya tare ta ce a fere sabulu siriri a sa mata, haka take yi wa nata. Na kira malamar awo a waya ranar Laraba. Ta tambaya ko cikin da laushi, tana sha, tana fitar da iska, babu amai kore. Duk na amsa. Ta ce bayan sati shida mai shan nono zalla yakan yi kwanaki har sati bai yi ba, kuma nishin koyon yunƙuri ne. In ya fito da laushi babu matsala, wanda ake damuwa da shi mai tauri ne kamar na akuya. Kada in sa mata komai.

Yau da hantsi ya zo, rawaya mai laushi, ya tsallake pampas ya hau baya har wuya. Ban taɓa wanke kashi ina hamdala ba sai yau.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah, mun yini gidan su babanta. Falon Hajiya cike da 'yan uwa kamar ranar suna. Da yarinyar ta fara juya kai tana tsotsar hannu a cinyar wata ƙanwarsa, na ji irin nauyin bakin nan ya dawo min. Na durƙusa kusa da Hajiya na ce, "Hajiya, lokacin shanta ya yi." Ta dube ni, ta karɓo ta da kanta ta miƙo min ta ce, "Shiga ɗakina, ki ja ƙofa." Sau huɗu na shiga ɗakin nan kafin mu tafi.

Wata tsohuwa ta ce a lasa mata zuma don cikin ya kwanta. Babanta ya riga ni, ya ce likita ya hana zuma sai ta cika shekara.

Alhamis, 12 ga Yuni

Riga-kafin sati goma. Kilo 4.8.

Litinin, 23 ga Yuni

Hutuna na wata uku ya kusa ƙarewa, Litinin mai zuwa zan koma aji. Niyyata nono zalla har wata shida kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyun da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata, in Allah Ya yarda. Sai dai tatsar ba ta zo min da sauƙi ba. Ranar farko rabin awa na yi ban rufe gindin kofi ba. Na gane da asuba ya fi zuwa, musamman in tana shan ɗaya ina tatsar ɗaya. Yanzu ina samun kusan rabin kofin shayi.

Fida ta ƙi, ni ma ban so ba saboda wahalar wankinta. Ƙaramin kofi muke koyo. A zaunar da ita a tsaye, a kai bakin kofin leɓenta har nonon ya taɓa, a bar ta ta lasa da kanta, ba a ɗurawa. Rabi yana zubewa tukuna. Kofuna masu murfi huɗu N2,400, ƙaramar kula N6,000.

Laraba, 2 ga Yuli

Kwana uku da komawa. Ina kai ta Gwammaja da safe in ɗauko ta ƙarfe biyu. Litinin an samu matsala. Mai ƙanƙara bai fito ba, babu wuta, kofi na biyu ya zauna daga shida na safe har sha biyu. An ce mana awa huɗu ne iyakarsa a ɗakin da ba zafi, Umma ta shinshina ta zubar. Yarinya ta yi awa biyu tana kuka. Da na shigo na tarar da Umma tana kai-kawo da ita a baya, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ga randa nan a gefe. Ta ce, "Ban ba ta ba. Zo ki karɓa."

Jiya na roƙi shugabar makarantarmu ta mayar min da darasin ƙarshe zuwa safe, ta amince. Ƙanƙara kuma tun dare nake saya, N300, in naɗe a buhu.

Alhamis, 10 ga Yuli

Riga-kafin sati sha huɗu. Kilo 5.5. Malamar ta ɗiga alama a kati, layin yana hawa tiryan-tiryan tun daga 24 ga Afrilu.

Ina jiran layi na buɗe littafin baya-baya ina neman ranar ƙarshe da na rubuta kukan magariba. 27 ga Yuni ce, minti arba'in. Ban ma lura da tafiyarsa ba. Tumbuɗi yana nan, sau biyu ko uku a rana, tsumma ba ya barin kafaɗata. Kashi duk bayan kwana biyu ko uku.

Abin da ke gaba: in ƙara tatsa ɗaya a makaranta lokacin tara, in an ba ni aron ɗakin ajiyar littattafai. In koya wa ƙanwata ba da kofi don Umma ta riƙa hutawa. Awo na gaba farkon Agusta. Wata shida zai cika 3 ga Oktoba, kuma Gwaggo ta riga ta ce ita za ta dama kunun farko, na gero da gyaɗa, na ce mata to.